Yadda Ɗanasabe Ya Kawo Teku Maska

A Maska ba a gama ba da labari a gaban Ɗanasabe. Kana cikin faɗin abin da ka gani da idonka zai ɗaga maka hannu, ya karɓe labarin, ya ƙarasa maka shi da ƙari. Manomin rani ne, yana da ɗan lambu a fadamar gabas da gari, albasa da tumatir. Amma in ka same shi a teburin mai shayi sai ka rantse ya zaga duniya sau biyu. Ya sha faɗin cewa ya taɓa ƙetare dam ɗin Mairuwa da iyo, da akuya a kafaɗa. Alhali duk unguwa an san ko kwata ce ta cika, zagayawa yake yi.

Wata safiya cikin bazara, maƙwabcinsa Haladu, direban babbar mota mai kai albasa kudu, ya miƙo wayarsa ana kallon wani bidiyo. Wata mata ce a wata ƙasa mai nisa ta ɗauki wani abu kamar dutse mai ɓawo biyu, ta sa wuƙa ta ɓare shi, ta matsa naman ciki, sai ga 'yan ƙwallaye farare suna faɗowa suna ƙyalli.

"Lu'ulu'u ke nan," in ji Haladu. "Abin da ta ɓare kuma kawa ake ce mata. Halittar ruwa ce, a cikin ɓawon take zaune."

"Kawa?" in ji Ɗanasabe. "Ni da na yi kiwonta?"

"A ina?"

"A zuciya. Na daɗe ina tsara abin."

Aka yi dariya. Haladu ya ce shi kam ya taɓa ganin kawa ido da ido. Akwai wani ɗan gari can bayan Fatakwal, a bakin wani kogi daidai inda yake shiga teku, mutanensa ba su da sana'ar da ta wuce ta. Ɓawon ma har ya yi musu yawa, da shi suke cike ramukan hanya.

Ɗanasabe ya ajiye kofin shayi a hankali.

"Suna cike hanya da shi? Haladu, mutanen nan a kan arziki suke tafiya ba su sani ba. Yaushe za ka koma?"

"Jibi."

"To ka ajiye mini kujerar gaba. Zan je in ɗebo iri, in zuba a ramin ruwan lambuna. Nan da wata uku, wanda ke son lu'ulu'u a jihar Katsina sai ya zo Maska ya yi layi."

Ya shiga gida ya tarar da matarsa Hansai tana tuƙin tuwo.

"Hansai, shirya mini jaka. Zan tafi kudu in ɗauko kawa."

Ta tsayar da muciya. "Ƙawar wa?"

"Kawa na ce, ba ƙawa ba. Ta ruwa."

"Ta ruwa ce ko ta tudu, Malam, ɗakin nan yoyo yake, ga damina na tafe. Albasar da ka ce da ita za a sauya kwanon rufi fa?"

"Da ita zan tafi."

"Ka sayar a can?"

"In musanya."

"Buhu shida, noman rani guda, ka musanya da abin da ko sunansa ban iya faɗa ba?"

"Ke kwano kike tunani. Ni bene nake gani. Har sai kin riƙa kiran 'yarki Rukayya ta waya daga sama ta kawo miki ruwa."

"To," in ji Hansai, ta ci gaba da tuƙi. "Ni dai ka bar mini bahon da nake tarar yoyo. Kada shi ma ka musanya."

Kwana biyu suka yi a hanya. A kasuwar Fatakwal Haladu ya sauke kayansa, dillalai suka yi caa a kan albasar Ɗanasabe don ta yi kyau. Haladu ya roƙe shi ya sayar. Ya ƙi. Aka ɗora buhunan a ƙaramar mota, daga nan aka sauke su a bakin ruwa, inda jirgi mai inji ke jiran fasinja. Haladu yana da kwana biyu kafin ya sami lodin komawa, ya ce wannan tafiya ba za a ba shi labarinta ba, da shi za a yi.

Mai jirgi ya miƙo wa kowa rigar kumfa mai hana nitsewa. Ɗanasabe ya ture tasa.

"Ba wa masu koyo. Gaya masa, Haladu, gaya masa ko ni wane ne a ruwa."

"Ban iya yarensa ba. Kai da ka ce kana jin yare bakwai?"

"Wannan na takwas ne."

Jirgi ya tashi. Da farko ruwan shiru, Ɗanasabe ya tsaya a gaba ya riƙe ƙugu, iska na kaɗa babbar rigarsa, yana nuna wa Haladu abubuwan da shi ma yau ya fara gani. Can suka fito inda kogin ya buɗe, igiyar ruwa ta farko ta ɗaga jirgin ta sake shi. Kafin ta biyu ta iso, Ɗanasabe ya sa rigar kumfarsa, ya fizge ta Haladu ya ɗora a kai, ya kwanta ya rungume buhun albasa yana salati da ƙarfi.

"Yaya dai, mai akuya a kafaɗa?"

"Albasar nake dannewa kada ta faɗa. Kai ba ka san aikin jirgi ba."

Sunan garin ya gagari harshensu duka biyu, don haka suka sa masa Garin Kawa. Ɗan mitsitsi ne, gidajen katako a kan dogayen sanduna, hayaƙi na tashi daga kowane lungu. Ƙasar garin ma ba ƙasa ba ce, ɓawo ne, kana takawa yana ƙaras-ƙaras. Ga tsibi-tsibinsa a bayan gidaje, wani ya fi mutum tsawo. Mata na zaune a gindin manyan tukwane suna turara kawa, in ta buɗe baki su zare naman su jera a tsinke. Ɗanasabe ya sauka, ya durƙusa ya cika aljihu biyu da ɓawo kafin ya gaisa da kowa.

Suna cikin waige-waige sai suka ji an ce, "Salamu alaikum, mutanen Arewa! Daga ina?"

Wani mai tsire ne a bakin gaɓa. Sunansa Mahadi, mutumin Gozaki, shekararsa goma sha huɗu a garin, ya ji yarensu kamar a nan aka haife shi. Da ya ji an ce Maska, saura kaɗan ya yi kuka. Ya ba su tabarma, ya ba su ruwan alwala, ya tambayi farashin masara a Funtua da lafiyar mutanen da ba su taɓa ji ba. Sannan ya kai su wurin shugabar matan da ke ɗebo kawa, wata ƙaƙƙarfar mata mai damatsa kamar na maƙeri, kowa Mama yake ce mata.

Mama ta sa aka kawo musu farfesun kawa mai yaji. Haladu ya ɗanɗana a tsorace, sannan ya gyara zama ya share kwano. Ɗanasabe ya kalli nasa ya girgiza kai.

"Mahadi, gaya mata mu masana ɗanya muke ci. Dafawa na baƙi ne."

"Malam Ɗanasabe, su kansu dafawa suke yi."

"Shi ya sa ba su ci gaba ba. Gaya mata."

Mahadi ya gaya mata. Mama ta dube shi sama da ƙasa, ta zaɓo wata ƙatuwa, ta ɓare ta da wuƙa cikin ƙiftawar ido, ta miƙa masa. Mata suka bar tukwanensu suka zagaye shi. Ɗanasabe ya leƙa cikin ɓawon, ya ga wani abu mai santsi yana kwance cikin ruwansa. Ya dubi Haladu, Haladu ya dubi sama. Ba hanyar gudu. Ya yi bisimilla ya kurɓe.

Abin ya tsaya a maƙogwaro yana shawara. Idanun Ɗanasabe suka fito, jijiyar wuyansa ta tashi, ya daki ƙirji sau uku kafin ta wuce.

"Yaya ka ji?" in ji Haladu.

"Ba laifi," in ji Ɗanasabe, hawaye na zuba. "Ta ɗan gaza ta wajenmu gishiri. Mahadi, ina bayan gidanku yake?"

Washegari da hantsi Mama ta yarda ya bi su wurin ɗiba, Mahadi ya rufe tsirensa ya zo tafinta. Kwalekwale uku suka shiga wani siririn rafi, tsakanin wasu itatuwa da ke tsaye cikin ruwa, saiwoyinsu a waje kamar sun tattare wando. Suna tafe ruwan na raguwa. Kafin a jima ya janye ƙwarai, saiwoyin suka fito fili, ga kawa manne a jikinsu cunkus, ga fili baƙi shimfiɗe hagu da dama.

Ɗanasabe ya miƙe tsaye, kwalekwale ya yi tangal-tangal.

"Kai! Wa ya buɗe dam?"

"Ba dam ba ne," in ji Mahadi. "Haka ruwan yake. Kullum sai ya tafi ya dawo, sau biyu."

"Haba Mahadi, ruwa ne ko ɗan kasuwa? Wa ke riƙe da makullin?"

"Allah."

Ɗanasabe ya gyara hula. "To, shi ne na ce. Ina gwada ka ne."

Matan suka sa tsofaffin safa a hannu, suka ɗauki adduna, suna sara daga cikin kwalekwale, kawa na zuba a kwando. Ɗanasabe ya kalla na minti biyu ya ce aikin nan ana yi masa lalaci. Ga fili a bushe, me zai hana mutum ya sauka ya ɗiba da hannu biyu?

Mama ta yi magana da ƙarfi. Mahadi ya ce, "Ta ce kada ka taka. Taɓo ne."

"Gaya mata ni manomin fadama ne. Ni da taɓo tare muka tashi."

Ya tattare riga, ya ɗaga ƙafa, ya dira.

Fili ya karɓe shi har gwiwa. Ya yunƙura zai zare ƙafar dama, ta hagu ta shige har cinya. Ya sake yunƙurawa, sai ga shi tsaye har ƙugu kamar an dasa shi.

"Yaya taɓon, ɗan'uwanka?" in ji Haladu daga kwalekwale, yana zaro waya.

"Ina auna zurfinsa ne. Ajiye wayar nan!"

Nan wasu 'yan ƙaguwa suka fito daga ramukansu, ɗaruruwa, kowace ta ɗaga ƙaton hannunta guda. Suka kewaye shi suna kallo. Ɗaya ta hau rigarsa. Wata kuma, wadda ba a gani ba, ta yi masa sallama ta ƙarƙashin taɓo. Ihun da ya yi sai da tsuntsaye suka tashi daga itatuwa.

"Mahadi! Kunama! Kunamar ruwa! Ku cece ni don Allah!"

"Malam Ɗanasabe, ka daina motsi. Ga shi kuma ruwan ya kusa juyowa."

"Ya juyo ina? Nan? Ku ce ya dakata!"

Mama ta matso da kwalekwale. Ta jefa masa igiya ya ɗaura a ƙirji, mata shida suka kama, ɗaya ta ɗauko waƙa, sauran suka amsa, suna ja suna dariya. Ja na farko, shiru. Na biyu, taɓo ya yi wani irin ƙara. A na uku Ɗanasabe ya fito fit, ya zube cikin kwalekwale a kan kwandon kawa. Ya fito da rigarsa da hularsa. Takalmi da wando kuwa taɓo ya riƙe abinsa.

Matan suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Mama ta kwance zanen da ta ɗaura a kan nata, mai manyan furanni ja da rawaya, ta miƙa masa ta baya.

Haka ya shigo gari, ɗaure da zane, taɓo har kunne, mutane na fitowa daga gidaje suna tafi.

"Ka gani?" ya ce wa Haladu ƙasa-ƙasa. "Naɗi suka yi mini. Nan haka manya ke shiga."

"Gaskiya ne maza na ɗaura zane a nan," in ji Mahadi. "Sai dai wannan na zuwa biki ne, na mata."

Haladu kuwa yana ta danna waya. Hoton ya riga su isa Maska da kwana uku.

Da la'asar aka zauna ciniki. Ɗanasabe ya sa aka ɓare masa kawa hamsin a gabansa, yana bin kowace da yatsa. Ba lu'ulu'u, ko na magani. Mahadi ya ja shi gefe.

"Malam, tsakani da Allah zan gaya maka. Matar nan shekara arba'in tana ɓare kawa, uwarta ma haka. Ba su taɓa ganin abin da kake nema ba. Wannan ta ci ce. Waccan ta bidiyo wata iri ce daban."

"To da ta gani za ta gaya maka? Kai ma ka cika yarda da mutane. Kuma ni na gano matsalar. Dabba ce za ta yi ƙwai ruwa na tafiya yana dawowa a kanta sau biyu a rana? Ko kaza ce ai ba za ta zauna ba. Hutu suke so. A ramina ruwa ba ya zuwa ko'ina."

Mama ta ga albasa, ta ɗauki ɗaya ta jinjina, ta shinshina, fuskarta ta washe. Ta ce za ta ba shi busasshiyar kawa mai hayaƙi, wadda za ta yi watanni ba ta lalace ba, ya kai gida ya sayar ko ya ci da iyalinsa. Mai rai kam, in ji ta, in ta bar ruwa a wannan zafi, kwana ɗaya ne, in ta yi ƙoƙari biyu.

Ɗanasabe ya yi murmushi ya taɓa Haladu da gwiwar hannu.

"Ka ji ko? Ba ta so iri ya fita. Gasasshiya za ta ba ni, kamar mai ba ka soyayyar gyaɗa ka je ka shuka. Gaya mata mai rai nake so, buhu shida a kan buhu shida, in ba haka ba in ɗauki albasata."

Mama ta sa Mahadi ya maimaita har sau biyu. Sannan ta ɗaga kafaɗa, ta kira mata, aka cika buhuna shida aka ɗaure. Ta ƙara masa da ƙullin busasshiya kyauta, ta ce ya kai wa matarsa, don matar da ke zaune da wannan mutum ta cancanci a yi mata alheri.

"Me ta ce?"

"Ta ce a gaida Hajiya," in ji Mahadi.

Rana ta farko a hanya lafiya lau, buhuna na bayan mota a kan lodin Haladu, Ɗanasabe na gaba yana lissafa sunayen da zai sa wa kamfani. Rana ta biyu mota ta lalace kafin Lakwaja, suka yini a rana bakanike na kwance a ƙarƙashinta. Wajen azahar bakaniken ya fito ya shinshina iska, ya tambaya ko sun take wani abu a hanya.

Rana ta uku Haladu ya tsayar da mota a gefen titi.

"Sauka ka koma baya wurin dukiyarka."

"Me na yi?"

"Warin nan yana bin rigarka. Tun Abuja nake tuƙi da numfashi ɗaya."

"Ƙamshin teku ne, ba ka saba ba."

"To je ka saba da shi kai kaɗai."

A wani shingen bincike, wani jami'i ya hau bayan motar, ya ɗaga tamfol, ya sauko da sauri fiye da yadda ya hau. Ya tsaya nesa, hanci a toshe, ya tambayi wane ne mamacin, kuma ina takardar ɗaukar gawa.

"Ranka ya daɗe, iri ne," in ji Ɗanasabe daga sama. "In kwance maka ka gani?"

Jami'in ya ɗaga sandar shingen da kansa, yana yi musu alama da hannu biyu su wuce. Daga Zariya zuwa Funtua ungulu uku suka raka su.

Hansai ta tare shi a ƙofar gida. Ta karɓi ƙullin busasshiyar, ta ce buhunan kuwa in suka shigo ita za ta fita. Aka kai su lambu a amalanke, mai amalanken ya ɗaure hanci da rawani. Kafin magariba maƙwabta sun fara zagayen fadama suna neman inda jaki ya mutu.

Da safe Ɗanasabe ya sayo gishiri buhu uku. Ya zazzage biyu a ramin da yake tara ruwan ban tumatir, ya shiga motsawa da gora. Na ukun ya farke shi ya jingine a bakin rami saboda ƙari. Ya tsoma yatsa ya lasa.

"Teku sak!"

Hansai, da ta kawo masa koko, ta tsaya riƙe da kwano. "Malam, da wane ruwan za ka ba tumatirin?"

"Da wannan mana. Tumatir mai gishirinsa. An hutar da ku mata, sai dai ku sa maggi kawai."

Ya aika gida-gida cewa bayan la'asar za a yi bikin zuba kawa, kowa ya zo ya ga abin da jikokinsa za su ba da labari. Ba wanda ya ƙi zuwa, don duk gari an ga hoton zane. Mai unguwa ya zo aka ba shi kujera. Mutanen teburin shayi suka jeru a gaba. Mata suka tsaya a inuwar mangwaro, cikinsu har da Inna Tsohuwa mai ƙosai, wadda ta haura tamanin, bakinta ba haƙori amma ba wanda ya taɓa kayar da ita a magana.

Ɗanasabe ya fito cikin farar shadda, ya hau kan kunya, ya yi jawabi. Ya ba da labarin yadda ya tuƙa jirgi cikin igiyar ruwa direban jirgin na kuka, da yadda ya ceci mata shida daga taɓo da igiya ɗaya. Haladu ya yi tari har sai da aka bubbuga masa baya.

Sannan ya zaro wuƙa ya farke buhun farko.

Abin da ya fito ba a iya kiransa wari, sai dai duka. Layin gaba ya koma layin baya. Mai unguwa ya ja kujerarsa taku goma ba tare da ya tashi daga kanta ba. Kawa ta zubo a ƙasa, kowace ta wangame baki, ƙudaje suka sauka kamar an yi musu shela.

"Malam Ɗanasabe," in ji mai unguwa ta cikin hannun riga, "me ya sa duk suka buɗe baki?"

"Mamaki suke, ranka ya daɗe. Ba su taɓa ganin Maska ba."

"Sun mutu dai!" wani ya faɗa daga baya.

"Suma suka yi. Gajiyar mota ce. Bari su ji ruwa ku gani."

Ya shiga tura su cikin rami da shebur, buhu bayan buhu. Suka nitse ba wadda ta ko motsa. Ruwan ya yi wani kumfa mai launin toka.

Daidai lokacin ne Jibo makiyayi ya biyo burtalin da ke gefen fadama da shanunsa, suna dawowa daga kiwo. Babban bijimin garken ya tsaya cak, ya ɗaga hanci. Duk warin nan bai dame shi ba, shi gishiri ya jiyo. Ya yi wani gunji ya karya shingen ƙaya, shanu talatin suka biyo shi a guje.

"Hai! Hai!" Jibo na ihu yana kaɗa sanda. "Wa ya zuba gishiri a fili? Malam, ai ka kira su da kanka!"

Jama'a suka watse. Mai unguwa ya bar kujera da takalmi ɗaya. Shanu suka ratsa ta tsakiyar tumatir, suka mai da shi miya tun a gona, suka rufu a kan buhun gishiri. Ɗanasabe ya tsaya a gabansu ya buɗe hannuwa.

"Ku tsaya! Kamfani ne! Jibo, janye dabbobinka!"

Bijimin ya shinshina shi. Tun safe yake dama gishiri, jikinsa duk ya yi fari da shi. Bijimi ya zaro harshe ya lashe shi daga haɓa zuwa goshi, hula ta tafi. Wata saniya ta kama hannun riga tana tauna. Ɗanasabe ya ja da baya taku ɗaya, taku biyu, na ukun babu ƙasa. Tsulum!

Da ƙyar Jibo da Haladu suka kore shanun. Mutane suka dawo a hankali, hanci a toshe, suka kewaye ramin. Ɗanasabe ya rarrafo waje, farar shadda ta zama abin da ba shi da suna, amma hannunsa na dama a sama, a dunƙule.

"Ga ta! Ku duba! Duk sun buɗe, wannan ce kaɗai ta rufe gam. Me take ɓoyewa? Mai abu a ciki ita ke rufe baki!"

Gaskiya ne, ƙatuwa ce, a rufe kamar an ɗinke ta. Har masu dariya suka matso. Ya lalubi wuƙa, shanu sun binne ta. Ya gwada da farce, ta ƙi. Ya gwada da makullin babur ɗin wani, makullin ya lanƙwashe.

"Malam, bari a kawo guduma," in ji Hansai.

"Guduma ta fasa mini dukiya? A can da haƙori muke yi."

Ya sa ta a baki, ya rufe ido, ya ciza da duk ƙarfin da ya rage masa. Aka ji ƙas! Wani abu fari ya faɗo a tafin hannunsa, yana ƙyalli a hasken yamma.

Mutane suka miƙo wuya. Ɗanasabe ya kalli abin. Ya ɗaga shi sama tsakanin yatsu biyu.

"Lu'ulu'u! Jama'a ku shaida! Hanshai, kin gani? Mashka ta yi arziki!"

"Me ya sami harshenka?" in ji Haladu.

Inna Tsohuwa ta ratso mutane da sandarta, ta kama hannunsa ta jawo shi daidai idonta. Ta juya abin, ta ga gindinsa da ɗan ja. Ta ɗaga kai ta dubi fuskarsa.

"Kai ɗan nan, yi mini dariya in gani."

Ya washe baki. Ga ƙofa a buɗe a gaba, iska na shiga. Kawar kuwa tana ɗaya hannun, a rufe gam yadda take.

Inna Tsohuwa ta mayar masa da abinsa, ta naɗe masa yatsu a kai.

"Riƙe da kyau, kada ya ɓace," ta ce. "Amma in dai wannan ne lu'ulu'u, ni na zubar da talatin da biyu, ban tara mutane ba."